Injin Da Aka Zaɓa Wa Muryar Malam

Da ba don maganar da Sadiƙu ya yi ranar Babbar Sallar da ta wuce ba, da wannan babin bai shiga cikin abin da nake rubuta muku ba. Muna tsakar gida ana suyar nama, hira ta gangaro kan marigayi mahaifinku, sai na ji Sadiƙu ya ce, har da 'yar dariyarsa, wai da yayarku ta iya aikinta da yanzu jikoki suna jin muryar kakansu. Ta ajiye matsamin da ke hannunta, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta ta fita. Ni kuwa daskarewa na yi a kan kujera, don wallahi ban taɓa sanin haka kuka ɗauki maganar ba duk tsawon shekarun nan. Kai Sadiƙu da ke Hafsatu kuna makarantar kwana a lokacin, ƙarshen abin kawai kuka tarar, shi ma ba duka ba. Ni ina wurin daga farko har ƙarshe, kuma tsufana bai kai na mantuwa ba tukuna.

Kun san mahaifinku ɗan gidan malamai ne daga Taura, aikina na koyarwa a firamare ne ya kawo mu Dutse, muka zauna a Takur, ya buɗe makarantarsa a zauren gidan nan. Da safe yara da alluna, bayan la'asar manya da littattafai. Abin da ba lallai ku tuna ba shi ne yadda muryarsa take kafin ciwo. Ba mai ƙarfi ba ce, amma in yana biya wa yaro karatu a zaure, ina madafa ina jin kowane harafi, har na haddace abubuwan da ban taɓa zama na koya ba. A shekarar da nake ba ku labari, bayan ya rufe tafsirin azumi sai muryar ta dushe. Ba mu damu ba, don kusan kowace shekara haka take yi masa. Na haɗa masa zuma da citta da kanumfari kamar yadda na saba. Sallah ta wuce, damina ta kankama, dushewa ba ta tafi ba. Da ƙyar na ja shi asibiti, su kuma suka tura mu Kano. A can ne likita, wani mutum mai sanyin magana, ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma in ana so a tsira da rai sai an cire wurin da murya take fitowa gaba ɗaya. Ya ce ta wata 'yar kafa a wuya zai riƙa numfashi. Ni ban ma gane abin da hakan yake nufi ba sai da Malam ya yi tambaya.

"Likita, karatu fa?"

Likitan ya sunkuyar da kai yana juya biro a hannunsa. Mutumin da tun yana yaro bai san wata sana'a ba sai buɗe baki ya karantar, shi ake cewa za a raba da murya, aka kuma sa rana, 'yan makonni kaɗan a gaba, aka ce ba a so a wuce ta.

Yayarku tana shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, tana karatun kwamfuta. Kun ga ina ta cewa yayarku, kun kuma san dalili. 'Yar fari ce, kuma a gidajenmu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka tarar. Malam tun tana zanin goyo har ta zama budurwa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", ko ya ce da ni, "Ina yarinyar nan?" Ita ce ta same mu washegari da safe, idanunta a kumbure, ta durƙusa ta ce akwai abin da za a iya yi. Ta ce da wannan ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai, ana iya naɗar muryar mutum a koya wa kwamfuta ita, daga baya duk abin da ya rubuta sai ta faɗa da muryarsa. Ta ce ko da dushewar, in aka ɗauka da safe lokacin da ta fi washewa, muryarsa ce dai. Na ɗauka Malam zai ce shirme ne. Sai na ga ya gyara zama.

"Kina nufin in rubuta fassarar hadisi, ɗalibai su ji ta da bakina?"

"Haka ne, Baba."

"To me muke jira?"

Matsala ta farko daga wurinsa ta fito. Ta ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa da taga, wurin da ba motsin komai, ya yi ta karatu ita tana naɗa. Ya shiga sau ɗaya. Ya zauna gaban makirfo ya yi layi biyu ya tsaya, ya sake farawa ya sarƙe, mutumin da yake yin awa biyu a masallaci bai duba takarda ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce shi bai iya yi wa bango karatu ba, in ana son muryarsa a biyo shi zaure inda take fita. Zaure kuwa kun san shi da safe, yara sun fi talatin kowa yana rera allonsa. Yayarku ta ce tana tsoron kada injin ya haɗa muryarsa da ta yaran ya ɗauka abu ɗaya ne. Mahaifinku mutum ne mai son hujja, ko a kan gishirin miya.

"Tsoro kike yi ko sani kika yi?"

"Ban tabbatar ba, Baba, sai an gwada."

"To gwada. In kika kawo mini na ji da kunnena ya ɓaci, ni da kaina zan shiga ɗakin in rufe ƙofa."

Ku riƙe wannan maganar, don a kanta komai ya rataya. Gwaji ake bukata, kuma a ji sakamakonsa tun Malam yana da muryar da zai sake bayarwa. Shi ya kawo mu ga zancen injin.

A cikin makon ne Baffanku, Alhaji Babba, ya zo daga Taura da buhun gero da kaji biyu, duba ƙaninsa. Shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya biya masa littattafan farko, kuma ban taɓa ganin Malam ya zauna a kan kujera yana wurin ba. Bayan an ci abinci Malam ya sa aka kira yayarku ta yi wa Baffanta bayani. Ina zaune daga bakin ƙofa ina tsince wake, don haka da kunnena na ji. Ta ce kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwar da take lissafi da ita, furosesa ake ce mata, amma iri-iri ce. Akwai wadda ke cikin kowace kwamfuta, CPU, irin wadda ke cikin ta makarantar Malam da ake buga takardun jarrabawa da ita. Akwai kuma GPU, wani kati ne mai fankoki da ake ƙara wa kwamfuta. Baffa ya ce ta bar masa haruffan Turawa ta yi masa Hausa. Yarinyar nan, don ta kyautata masa, sai ta ɗauko misali daga abin da ya sani.

"Baffa, ta farkon kamar babban malami ce. Duk tambayar da aka kawo mata ta iya, mai wuya da mai sauƙi, amma ɗaya bayan ɗaya take amsawa, ko 'yan kaɗan a lokaci guda. Ta biyun kuma kamar gayya ce a gona. Ma'aikata ne dubbai, kowannensu abu ɗaya ƙarami ya iya, amma tare suke sara. Koya wa inji murya ba lissafi ne mai zurfi ba, ƙaramin lissafi ne da ake maimaitawa ba iyaka. Aikin gayya ne. Abin da malamin zai yi makonni yana yi, gayyar za ta gama a yini ɗaya."

Ya tambaye ta ta waya fa, tunda ya ji an ce wayoyin yanzu sun fi mutum wayo. Ta ce sababbin wayoyi suna da wata 'yar ƙarama da aka yi musamman don irin wannan aiki, ba ta cin batir, amma ita mai biya abin da aka riga aka haddace ce, ba ta da ƙarfin da za a yi koyarwar a kanta. Ta ce akwai kuma wasu manya a ƙasashen waje da aka ƙera don wannan lissafin kaɗai, ana hayarsu ta intanet, sai dai sai an tura musu muryar can. Malam ya ɗaga hannu tun ba ta rufe baki ba, ya ce muryarsa da ayoyin Allah a ciki ba za su tafi inda bai san wanda zai taɓa su ba. Saura biyu ke nan, malami da gayya. Baffa ya tambayi inda za a samu ta gayyar. Ta ce na sashensu a jami'a duk irin ta farkon ne, amma Nafi'u, tsohon ɗalibin Malam, yana da mai ƙarfi a shagonsa na bakin titi, kuma ya ce a zo a ɗauka kyauta har a gama.

"Wane shago?"

"Na wasannin kwamfuta, Baffa."

"Wanda na wuce ɗazu, samari sun cika shi suna ihu a kan ƙwallon talabijin? Wanda aka ce har kuɗi suke zubawa a tsakaninsu?"

Gaskiya ne, wasu suna yi. Ta ce shi katin ba ruwansa, lissafi kawai yake yi, bai san ƙwallo ba bai san karatu ba, kuma ba abin da yake riƙewa a cikinsa in an kashe wuta. Baffa ya girgiza kai. Ba da faɗa ya yi maganar ba, a hankali ya yi ta, irin ta wanda ya gama yanke hukunci.

"'Yar nan, da bakinki kika ce ɗaya malami ce, ɗaya 'yan ƙwadago. Muryar da ta yi shekara arba'in tana ɗauke da Alƙur'ani, ita za a kai wa abin da ya ƙoshi da caca? Ko ƙwaryar da aka sha giya a ciki ba a zuba mata rubutun sha, ko an wanke. Ga ta makaranta nan, tun da aka saye ta ba ta taɓa komai ba sai jarrabawar yara da azkar. A ba malami aikin malami. In ya yi jinkiri, ai malamai dama ba a san su da gaggawa ba."

Na saki farantin waken a cinyata na zuba wa Malam ido. Na san shi, na san ya gane bayanin yarinyar sarai, don shi ya yi ta yi mata tambayoyi kwana biyu kafin nan har ya ce abin ya yi masa daidai a hankali. Jira nake ya ce, Yaya, lokaci ne ba mu da shi. Sai ya ce, da wannan dusasshiyar muryar,

"Yadda Yaya ya ce haka za a yi."

Ya juya wajen yayarku bai kalli fuskarta ba. "Ke, kin ji. Na hane ki da na shagon, a gabana ko a bayana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. A shekarun aurenmu ban taɓa sa baki a maganar Malam da yayansa ba, ranar ma ban sa ba, amma fitar da na yi kowa ya san magana ce. Da Baffa ya tafi na tare Malam a ɗaki na ce masa muryar tasa ce ko ta Alhaji Babba? Ya ce mini mutumin da ya koya masa harafin farko ba zai musa masa a gaban 'yarsa ba, ko da a kan abin da ya fi murya ne. Na ce to ya bi shi Taura ya musa masa a can su biyu. Ya yi murmushi ya ce in kawo masa ruwan zafi. Daga nan na sauka kan yayarku a madafa. Na ce mata ta ɗauki abin da ta naɗa ta kai shagon Nafi'u ba wanda zai sani, in ya fito ta ce na makaranta ne ya yi. Har yau ban ga laifina a wannan shawarar ba, kuma da za a maimaita zan sake ba ta. Ita ce ta ƙi.

"Umma, cewa ya yi a gabansa ko a bayansa."

"Ke wace irin yarinya ce? Murya ce fa za ta tafi!"

"Na sani, Umma. In na yi masa ƙarya, duk ranar da ya ji muryar nan ƙaryata zai riƙa ji."

Tana faɗa tana kuka, ni ma ina yi, albasa tana ƙonewa a kan wuta ba wanda ya kula. Wannan ita ce wadda kuke cewa ba ta iya aikinta ba.

Aka shigo da kwamfutar makaranta falo aka ɗora ta a kan tebur, aka ba malami aikinsa. Na tsani injin nan kamar mutum. Yini yake yi yana huci, ya yi zafi har sai mun juya masa fankar ɗaki mu mu zauna cikin gumi. A fuskarsa akwai wani ɗan layi kore da yayarku ta ce in ya kai ƙarshe an gama. Kullum in na idar da sallar asuba sai na leƙa, in ga kamar bai motsa ba. Na taɓa manna masa ɗan tsinke da salatif don in tabbatar ba idona ne yake yaudarata ba. In an ɗauke wuta kafin a tada janareta injin ya mutu, sai ya koma baya ya ɗora daga inda ya ajiye. Wani lokaci ta tsayar da shi ta saurari abin da ya koya zuwa lokacin, ba a jin komai sai shuu kamar rediyon da tasharsa ta ɓace, ta ce bai kai inda za a gane ba tukuna. Shi kuwa Malam kowace safiya yana zaure, makirfo a gabansa, yara suna rerawa kewaye da shi, yana ba da muryar da ta rage masa. In ya shigo sai ya tsaya a kan injin ya ce da ita,

"Ke, malamin naki ya ce wani abu?"

"Yana nazari, Baba."

"A bar shi. Mu ma haka muka yi wa mutane."

Yana dariya, amma na ga yadda yake daɗewa yana kallon koren layin. Sau biyu Nafi'u yana zuwa gaishe shi, sau biyun yana cewa katin yana nan, in ma ana so zai rufe shagon ya kawo shi har gida. Malam ya sa masa albarka ya sauya magana. Ranar da za mu tafi Kano layin ko rabi bai kai ba.

Mutane suna tambayata kalmar ƙarshe da ya faɗa, suna so in ce wata addu'a ce mai tsawo. Ya yi addu'o'insa, amma ba su ne na ƙarshe ba. Ana tura shi a kan gadon nan mai taya, ya juyo ya ce da ni, "Hajiya, kin ce wa yaran nan su kwashe allunan daga inda yake yoyo?" Na ce na faɗa. Shi ke nan abin ƙarshe da na ji daga bakin mijina har ya koma ga Allah. Da muka dawo gida, da farin ƙyalle a wuyansa, allo ya ɗauka, irin na yaran, da tawada da alƙalami. In yana son abu ya rubuta, in karanta, ya wanke. Gidan ya yi wani irin shiru da har kajin Baffa nake jin haushin kukansu. Injin kuwa yana nan a falo yana huci, bai san an riga an yi ba.

Sai da raunin ya fara warkewa, kuka dawo hutu, sannan layin ya kai ƙarshe. Malam ya rubuta a allo cewa a kira Yaya. Baffa ya zo, muka taru a falo bayan la'asar, ku biyu kuna zaune a ƙasa, wannan kam kun tuna. Yayarku ta jona sifika, ta rubuta sallama ta danna. Harafin farko da ya fito nasa ne, wallahi nasa ne, har na dafe ƙirji. Sai abin ya buɗe. Muryar Malam ce amma kamar bakuna da yawa ne a cikin maƙogwaro ɗaya, yara suna rerawa a ƙarƙashin kowace kalma, suna ja tana ja, wani wurin ta zama ta ƙaramin yaro, wani wurin ta koma tasa, ga kalmomin a tattaune. Ba a bayansa yaran suke ba yadda za a ce hayaniya ce, a cikin muryar suke. Baffa ya ce, "A'uzu billahi," ya janye ƙafafunsa. Ke Hafsatu kika ƙwalla ƙara kika toshe kunne, ni kuma na kore ku waje ku biyun na turo ƙofa. Iyakar abin da kuka gani ke nan, a kansa kuka gina hukuncinku. Ga abin da ya faru bayan na rufe ƙofar.

Abin da yarinyar nan ta ji tsoro tun ranar farko shi ne ya faru, ba ƙari ba ragi. Baffa ne ya fara magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Da na shagon aka ɗauka, da ba haka zai fito ba?"

Ga dama ta samu ta ɗora masa komai, kuma ni a raina ina cewa ɗora masa. Ta share ido ta ce,

"Haka zai fito, Baffa. Lissafinsu ɗaya ne, wannan bai yi kuskure ba. Sai dai da wancan ne, da washegari za mu ji, Baba yana da sauran murya. Da ya shiga ɗaki mun sake."

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta canza haka ba. Bakinsa ya buɗe bai rufe ba. Shi duk zatonsa zaɓi ne tsakanin mai tsarki da marar tsarki, sai a lokacin ya gane kwanakin ƙaninsa ya zaɓa a kai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, mutumin da ko a gona ban taɓa ganin kansa a buɗe ba.

"A je a ɗauko na shagon. Yanzu. Ni zan je da kaina in ɗauko."

"Baffa, ko an kawo, abin da na naɗa a zaure shi za a ba shi. Babu wata muryar kuma."

Daga baya ma an kawo ɗin, Baffa da kansa ya sa aka kawo, ta yi ta ƙoƙarin tace hayaniyar, ya gama a yini ɗaya kamar yadda ta faɗa tun farko, yaran dai suna nan a ciki. Amma wannan daga baya ne. A ranar, Baffa kuka ya fashe da shi, yana cewa, "Na cuce ka, Malam, na cuce ka." Malam ya girgiza kai da ƙarfi, ya kama hannun yayansa ya mayar masa da hular. Yayarku kuwa ta haɗa kai da gwiwa a gefen tebur, tana cewa a yafe mata, da ta san yadda za ta yi bayani da ba ta kawo misalin malami da gayya ba. Wai ita ce mai neman yafiya.

Na ga Malam ya kalli allonsa, ya ɗauki alƙalami, sai kuma ya ajiye. Ya ja jiki zuwa teburin, ya jawo abin rubutun kwamfutar gabansa. Kun san bokonsa ba mai yawa ba ne, da yatsa ɗaya ya yi ta neman haruffa, yana dannawa yana gogewa, numfashinsa yana fita ta ƙyallen wuyansa. Ba wanda ya leƙa abin da yake rubutawa. Da ya gama ya taɓa kafaɗar yarinyar, ya nuna mata ta nuna masa inda ake dannawa. Ta nuna ba ta ɗago ba. Ya danna da kansa. Muryar nan mai ban tsoro ta cika falon, tasa da ta yaran zaure gaba ɗaya, amma ba wanda bai ji abin da ta ce ba.

"Rukayya. Allah ya yi miki albarka."

A gaban yayansa, a gabana, sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ita ta ɗago a firgice tana waige-waige, kamar tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san yadda sunanta yake a muryar ubanta ba. Da ta gane, sai ta kifa kai a kan ƙafafunsa. Baffa ya ce amin, ya sake cewa amin. Malam ya bar hannunsa a kanta har ta yi shiru, sannan ya yi mini alama in kashe injin. Bai sake yarda an kunna masa shi ba har ya rasu, da allo ya ƙarasa karantarwarsa, wani babban ɗalibinsa yana karanta wa sauran abin da ya rubuta.

Kuna cewa Baba bai taɓa amfani da muryar ba saboda ta lalace. Ya yi amfani da ita sau ɗaya, kuma kun ji abin da ya zaɓa ya faɗa. Baffanku ya riga mu gidan gaskiya, kada in ji wani ya ɗauke laifin daga kan yayarku ya mayar kansa, shi abin da ya sani ya tsare, ya kuma biya da hawayensa a gabana. Sunan nan da kuka gani a sama, ni ma ban taɓa furta shi ba, yau ne hannuna ya fara rubuta shi, kuma sai da na ajiye biron na huta kafin in iya. Sadiƙu, ka san hanyar gidanta.